Inuwar da Sadiq Ya Tsayar

Rana ta yi ja a saman Gyaɗi-Gyaɗi. Masu shaguna sun fara ɗibar ruwa a buta, ƙarar adaidaita sahu tana raguwa daga bakin titi. A tsakar gidansu, Sadiq yana durƙushe da kyamara a hannu, yana ba ƙanwarsa Fatima umarni kamar wani babban darakta.

Sana'ar Sadiq sharhin fim a intanet. Bai taɓa haɗa fim ko ɗaya ba, amma babu daraktan da bai caccaka ba. Sai ya ɗauko fim, ya tsayar da shi a tsakiya, ya nuna wa masu kallonsa cewa fitilar nan ba nan ne wurinta ba, kyamarar can ta yi sama da yawa har jarumi ya koma kamar ɗan aike. Da wani ya ce masa ya yi nasa a gani, sai ya rantse zai koya musu ɗaukar hoto ba fitila. Hasken da yake so kuwa shi ne na dab da magariba, mai laushin nan da ke sa fuska ta yi kamar an shafe ta da zuma. Ya tsayar da Fatima gefen tsohuwar rijiyar gidan da aka daɗe da rufewa da siminti.

Inna ta leƙo daga madafa. "Ku shige ɗaki. Ba a tsayar da 'ya mace a tsakar gida a wannan lokacin."

"Inna, manyan masu fim wuni suke yi suna jiran wannan hasken."

"Ba su kaɗai suke jiransa ba."

Ya yi dariya, ya ci gaba da ɗauka har aka tayar da iƙama.

Da ya zuba hoton a kwamfuta sai ya ga abin da ya hana shi ƙiftawa. Rana tana yamma, don haka inuwar Fatima ta kwanta gabas, haka ta rijiya, haka ta turmi. Amma akwai wata inuwar, doguwa, mai lanƙwasasshen baya, da ta ratso bayan Fatima ta nufi rijiya, ita kuma yamma ta kwanta, tana fuskantar rana. Duk wanda ya san haske ya san ba a yin haka. Sadiq ya tsayar, ya tariyo baya, ya sake saki. Ya yanke sauran hoton ya ajiye gefe, ya bar ɗan guntun nan, domin a kansa zai gina sharhin da zai rufe bakin kowa.

A lokacin ne dutsen farko ya sauka a kwanon rufi. Inna ta zagi yaran unguwa. Na biyu ya faɗo cikin tukunyar miya, alhali da murfinta a rufe, sai ta daina zagi.

Kullum magariba ta yi sai jifa ya fara. Fatima ta daina magana. Wani lokaci tana tafiya sai ta ƙame, ƙafa ɗaya a sama, ido buɗe, ko an tsunkule ta ba ta motsi. Wani lokaci ta yi ta takawa da baya, da sauri, ba ta waiwaye kuma ba ta tuntuɓe. Tafin ƙafarta ya tsage. Abinci yakan tsaya mata tsakanin kwano da baki.

Sadiq ne ya fara ganewa. Wata yamma yana zaune bakin taga da kwamfutarsa, yana kallon guntun nan, ya danna tsayarwa, sai ya ga Fatima ta ƙame a tsakar gida da bokiti a hannu. Ya tariyo baya, ta koma da baya, ruwan yana zuba a ƙafarta. Ya janye hannunsa. Sai dai maimakon ya rufe, sai ya sake gwadawa don ya tabbatar. Ya sake. Bai faɗa wa kowa ba, saboda sharhin bai kammala ba.

Ranar da ya bar hoton a tsaye ya tafi masallaci, ya dawo ya tarar da Fatima kamar gunki, leɓenta ya yi baƙi, Inna tana rungume da ƙafarta tana kuka ba sauti. Ranar aka aika Ƙauyen Alu aka ɗauko Malam Abdulmalik, mai ruƙiyya.

Malam dattijo ne marar ɗaga murya. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya zauna, ya fara karatu a hankali. Duwatsu suka yi ta zuba a rufi kamar ƙanƙara, can suka ɗauke gaba ɗaya. Gidan ya yi tsit. Wuyan Fatima ya juya shi kaɗai, bakinta ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito, busasshiya.

"Ka rage, Malam. Yana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciyarsu. Na riga kakansu zama a nan."

"Me yarinyar ta yi miki?"

"Ita ba komai. Tambayi wancan marar kunyar da ke bayan ƙofa." Idon Fatima ya sauka a kan Sadiq. "Gida zan shiga, 'ya'yana suna jira a ƙasan rijiya. Ya kama ni a cikin ƙarfensa. In na ɗaga ƙafa ya tsayar da ni. In na kusa ya mayar da ni baya. Yana ƙara min girma yana nuna ƙusumbina da yatsa, yana cewa ban kwanta daidai ba. Tun yammacin nan ban taka bakin ƙofata ba. Duk takun da ya sa ni, sai ƙanwarsa ta yi shi."

Inna ta dubi ɗanta. Da ta mare shi da ya fi masa sauƙi.

"Ki fita," in ji Malam. "Zalunci ba ya halatta zalunci."

"A ba ni idonsa na dama."

"Ba za a ba ki ko gashin ido ba." Malam ya buɗe baki zai ci gaba da karatu.

"Zan goge," in ji Sadiq. "Yanzun nan zan goge shi."

Tsohuwar ta yi wata dariya mai kama da tari. "Goge mana, gwani. Ka goge ni a tsakiyar taku, ka ga ko ba tare da yarinyar zan tafi ba."

"To me kike so?" in ji Malam.

"Ya saki hanya. Ya sa hoton tun daga farko har ƙarshe, ba guntun da ya yanka ba. Hannunsa a ƙirji, bakinsa a rufe. Kuma ya kalla. Tunda kallo ne aikinsa."

Malam ya sa ta yi rantsuwa cewa ba za ta dawo ba, ta yi da ƙyar. Aka kawo kwamfutar tsakar gida. Sadiq ya lalubo asalin hoton da bai taɓa kallo har ƙarshe ba, ya danna, ya harɗe hannu.

Ga Fatima a cikin jan haske tana murmushi. Ga inuwar ta shigo. Ta iso wurin da ya saba tsayar da ita, yatsansa ya motsa da kansa, ya cije shi. Inuwar ta wuce. Ta isa bakin rijiya.

Daga nan hoton ya fara tashi. Sadiq a durƙushe ya yi ɗaukar, daga ƙasa yana kallon sama, bai miƙe ba ko sau ɗaya. Amma ga kyamara tana hawa sannu, ba girgiza, irin tafiyar da hannun mutum ba ya iya yi. Ta wuce kan Fatima, ta juyo, ta sauko a bayan wani saurayi durƙusasshe mai riƙe da kyamara. Ta matso ƙeyarsa, har ana iya ganin zufa tana gangarowa cikin wuyan rigarsa. Ta daɗe a nan, tana kallo. Sannan komai ya yi baƙi.

Fatima ta yi atishawa, ta zube a jikin Inna, ta ce ƙafarta na ciwo, a ba ta ruwa.

Malam ya miƙe yana kaɗe rigarsa. Ya dubi Sadiq, wanda har yanzu hannunsa ke ƙirji.

"Ta tafi. Kana iya magana."

Sadiq ya kai tafinsa ƙeya, ya rufe ta. Har Malam ya fita zaure bai sauke hannun ba, kuma bai waiwaya ba.