Kwaɗon da Ba a Fasa Ba

Da hantsin wata Talata a shekarar 1983, Silifat, tela mai haya a bayan tashar Funtua, ta shigo caji ofis ko mayafi babu. Kwana biyu ta yi a Malumfashi wajen suna, ta dawo ta tarar babu keken ɗinkin da take ciyar da 'ya'yanta uku da shi.

Sufeto Aƙilu ya bi ta gidan. Kwaɗo lafiya lau, taga ma haka.

"Wa kuma ke da makullin ɗakin nan?"

"Mai gidan, Yallaɓai. Alhaji Ɗanjuma."

Alhaji ya ce makullan 'yan haya a turakarsa suke. "Ba mai shiga sai ƙanena Shitu."

Da aka kira Shitu, ya ce tun Lahadi yana Dayi wajen tsinkar auduga.

Inna Mero, mai waina a ƙofar gidan, ta taɓe baki. "Dayi? Jiya an fito sallar magariba ina kunna fitila ya shiga. Da buhu ya fito, ya ɗaure a babur."

A ofis, a gaban Alhaji, Sufeto ya karanta wa Shitu bayanin Inna Mero.

"Na ɗauka, Yallaɓai, keken yana Dandume wajen abokina. Amma ban fasa komai ba, da makulli na buɗe. Kuma da la'asar ne."

"Wani ya koya maka maganar nan, bai kuwa ƙarasa maka ba," in ji Sufeto. "Sata daban, shiga gidan mutum don sata daban. Ka buɗe kwaɗon da ba naka ba, a doka ka fasa gida ko da makulli ne. In rana ta faɗi kuwa, fasa gida da dare ne, hukuncinsa ya fi nauyi. Yaushe ka shiga?"

Shitu ya dubi yayansa. Alhaji ya kawar da kai.

"Bayan magariba."

Wani kofur ya sa wa Shitu ankwa, ya tasa shi zuwa sel.

Silifat ta matso. "Yallaɓai, keken fa? Ɗinkin mutane na jirana."

"Za mu ɗauko shi, amma shaida ne, sai kotu ta gani." Sufeto ya ɗan dube ta, ya jawo takarda. "Zauna, Malama. Bari mu roƙi majistare ya sakar miki shi da wuri."