Ma'aunin Ustad Zarwali

Ranar Talata da hantsi Ustad Zarwali ya shigo caji ofis na Darra, ɗansa Momin na riƙe da hannunsa. Ya buga sanda a ƙasa, ya ce an yi masa sata.

"Bindiga nawa?" in ji Sufeto Rahimdad, ko kai bai ɗaga ba. A garin da kowane shago ƙirar bindiga yake yi, tambayar farko ke nan.

"Bindigar me? Ma'aunina aka ɗauke!"

Sai sufeton ya ajiye biro. Mu nan Darra kowa ya san ma'aunin nan, ɗan bututun ƙarfe mai tsawon yatsa. Sana'ar Ustad ita ce sake cika kwanson harsashin da aka riga aka harba. In ya matse kwanso sai ya jefa shi a ma'aunin ya duba gindinsa. In ya nutse fiye da kaurin gashi, harsashin zai tsage a cikin bindiga, wuta ta dawo fuskar mai harbi. Ma'aunin gadon ubansa ne, kuma a kan gawar uban ya rantse ba zai cika harsashi ko ɗaya ba sai da shi. Shekara arba'in bai saɓa ba. In babu ma'auni, babu Ustad.

"Maƙwabcina ne, Misal Khan," in ji tsohon. "Hassada ke cin sa."

Kofur ya miƙa masa takardar ƙarar ya duba. Ustad, wanda a da shi ke karanta wa 'yan layinsu jarida, ya ƙura mata ido ya ce, "Daidai ne." A juye take a hannunsa. Sufeto ya gani.

A shagon Ustad, kwaɗo lafiya lau, bindigogi shida na rataye ba wanda ya taɓa su. Sufeto ya shafa murfin akwatin ma'aunin, ya dubi yatsansa. Farin garin alkama ne.

"Makulli nawa ne?"

"Biyu," in ji Momin. "Ɗaya a aljihun Baba, ɗaya a cikin gida."

"Wa ke gwaji?"

Ba a miƙa wa mai saye harsashi a garinmu sai ɗan gida ya fara harbawa a ƙofar shago. Momin ya ce shi ne.

"Me ya sami kuncinka?"

"Mai ne ya fantsama, wajen suyar nama."

"Wane irin mai ne ke barin baƙin ɗigo a cikin fata?"

Momin, gardi mai 'ya'ya uku, ya sunkuyar da kai kamar yaro.

Misal Khan kuwa, da Sufeto ya same shi a shagonsa, dariya ya yi har shayinsa ya zube. "Ni? Sababbi uku gare ni, me zan yi da ƙarfen ubansa? Ban san komai a kan shagon nan ba."

"Ba ka san komai ba, amma ga gwangwani kana turawa ƙarƙashin benci da ƙafa."

Ya daina dariya, ya jawo gwangwanin. Kwanso biyar ne a ciki, kowanne ya rabu biyu daga gindi.

"A ƙofarsa na tsinta, cikin wata ɗaya. Na biyar ɗin ne ya lashi fuskar Momin. Wa zai faɗa wa Zarwali idonsa ya tafi? Ni dai ina son raina, Sufeto."

Da azahar sufeton ya zauna a zauren Ustad, ya nemi magana da uwargida. Bibi Gulalai ta tsaya a bayan labule.

"Inna, ina makullin shago yake zama?"

"A ƙusa, kusa da tanderu. Ni mace, me ya haɗa ni da ƙarfe?"

"Ƙarfe dai ya haɗu da gari. In sa a juye buhun, ko za ki hutar da mu?"

Can sai hannu ya fito ta gefen labule, ma'aunin na ciki, fari fat. Sufeto ya karɓa, ya ajiye shi a kan tabarma dab da gwiwar Ustad.

"Ka bar matata, ka je ka kamo Misal!" tsohon ya daka tsawa. "Ina ma'aunina?"

Abin yana gabansa, taƙi ɗaya, rana na haska shi. Momin ya rufe fuska da mayafi. Ni da nake tsaye a ƙofar zauren, har yau in na tuna sai zuciyata ta karye.

Labulen ya yaye. Bibi Gulalai ta fito lulluɓe, ta tsaya ƙyam.

"Ni na ɗauka, uban Momin. Ga shi nan a gabanka, ɗauka mana in kana gani! Da ɗan yatsa kake lalube, ka ce daidai, ɗana ya sa fuskarsa ya ja kunamar bindiga. Maza cike da kasuwa, an rasa mai faɗa maka. To ni na haife shi, ba zan wanke gawarsa don sunanka ba."

"Ke! A gaban baƙi?"

"A gaban kowa ma."

Sufeto ya yi gyaran murya. "Inna, abu ya fito. A mayar wa mai shi, magana ta mutu a gida."

"A mayar masa gobe ya koma aiki? Tsaya, ɗana. In ka kama ni, ina ƙarfen nan zai zauna?"

"Shaida ne. Yana hannun kotu sai an gama shari'a."

"Shari'ar kan kai yaushe?"

Sufeto ya dube ta, ya dubi kuncin Momin. "Shekara uku, in an yi sauri."

"To rubuta. Ni Gulalai na yi sata, da gangan, kuma ban yi nadama ba."

"Na janye ƙarata!" Ustad ya miƙe yana laluben sanda.

"Ta amsa laifi a gaban shaidu, Ustad," in ji Sufeto, yana saka ma'aunin a ambulan. "Magana ta zama ta hukuma."

Ba a sa mata ankwa ba, ba ma wanda ya isa. Ita ta shiga gaba, 'yan sanda na biye. Masu gwajin bindiga a bakin shaguna suka sauke hannu, layin ya yi tsit.

A bakin mota ta waiwayo.

"Momin, akwai gurasa a tanderu, kar ta ƙone. Ka sa wa ubanka a hannu. In ka ajiye a gabansa, da yunwa zai wuni."