Direban Gidan Alhaji Tahir

Ƙarfe huɗu da minti goma na yammar Juma'a aka bugo waya ofishin 'yan sanda daga filin shaƙatawar nan da ke arewa da Madina, can gaba da Uhudu, wanda mutanen gari ke ce wa barr. Wai mota ta buge mutum ta gudu.

Sufeto Abdulmajid aka tura. Ba don ya fi sauran iya aiki ba, sai don an ce matar mamacin ba ta jin Larabci sosai, shi kuwa ɗan unguwar Ƙiblatain ne, a hannun kakarsa Bakanuwa ya tashi, Hausa na bakinsa.

An yi ruwa sati biyu da suka wuce, ciyawa ta tsiro, shi ya sa kowace bishiya da iyalin da suka kama ta. Ga darduma, ga butar shayi, ga hayaƙin gashin nama, yara na ta buga ƙwallo. Jifa ɗaya daga inda gawar take, wasu ma ba su san an yi mutuwa ba.

Gawar na gefen hanyar ƙasa, an rufe ta da darduma. Wani dattijo fari tas da furfura na tsaye a kanta, saurayi na riƙe da hannunsa.

"Ni ne Tahir, wannan ɗana ne Haisam," in ji dattijon. "Wanda ke kwance Abdou ne, direbana, mutumin Nijar. Shekara goma sha ɗaya yana gidana."

"Allah ya jiƙansa. Yaya aka yi, Baba?"

"Ya taso zai sayo mana ƙanƙara. Wasu samari masu wasa da mota suka kwashe shi. Farar mota ce."

"Ka ga lambarta?"

"Ina fa."

"Kai fa, Haisam?"

Haisam ya amsa da Larabci, idonsa a ƙasa, cewa shi ma abin da ya gani ke nan.

Sufeto ya durƙusa ya ɗaga dardumar. Ƙirjin ya lotsa. Ya sauko da kallonsa zuwa ƙafafu, ya daɗe a nan. Babu takalmi, kuma tafin ƙafar fes yake. Ya waiga ya dubi inda iyalin suka sauka, taku ɗari ko fiye, duk tsakuwa da ƙaya.

"Ina takalmansa?"



"Ƙila sun yi tsalle da aka buge shi," in ji Alhaji Tahir.

Aka duba gabas, aka duba yamma. Babu takalmi.

A wurin da iyalin suka sauka an kafa ruwaƙ, doguwar katangar tamfol ɗin nan da ake kewaye mata da ita don kada idon baƙo ya kai gare su. Inda tamfol ya ƙare, babbar motar gidan ce ta toshe sauran gefen. Haka kowa ke yi a barr, mota ita ce bango na huɗu.

Sufeto ya yi sallama daga waje, ya ce a turo masa matar mamacin. Ta fito a hankali, hannunta har yanzu da kumfar sabulu da ta bushe. Sunanta Hajo, ita ce mai aikin gidan.

"Sannu, baiwar Allah. Allah ya ba ki haƙuri. Yaushe rabonki da shi?"

Da ta ji Hausa sai idonta ya kawo ruwa. "Bayan an sauko Juma'a, ranka ya daɗe. Ni na kai mishi abinci."

"Tare da su Alhaji ya ci?"

"A'a. Shi ba ya zama cikinsu, kunya gare shi. Can bayan mota yake ci, in ya gama ya tuɓe takalmi ya miƙe cikin inuwarta har a yi la'asar. Kullum muka zo haka yake yi."

"Kin ji wani abu?"

"Na ji an tada mota, na ce shi ne. Can sai Haisam ya zo bakin tamfol ya ce kada mace ta fito, akwai baƙin maza. Da daɗewa Hajiya, matar Alhaji, ta kira ni ta faɗa mini."

Ta saci kallon inda Alhaji Tahir yake, ta yi sauri ta sauke kai. Sufeto ya gane. Dattijon nan shi ne kafilinta, takardar zamanta a ƙasar da sunansa take, ɗakin da take kwana ma nasa ne.

"Ni ban ce kowa ya yi komi ba," in ji ta, murya ƙasa ƙasa. "Abu guda nake so in sani. Nan take ya cika, ko ya sha wuya? Akwai wanda ya tsaya a kansa ya tuna mishi kalmar shahada? In na san wannan, wallahi ya ishe ni."

Sufeto ya sha jin tambayoyi a aikin nan, yawanci wa ya yi, me za a yi masa. Wannan kam ba ta cikin fom ɗin da yake cikewa. Tausayinta ya kama shi, kuma ba shi da abin da zai ba ta.

"Zan bincika," ya ce. Shi kansa ya ji maganar ba ta da nauyi.

Ya zagaya bayan motar. An share ƙasar wurin, sharar gaggawa, irin wadda ake yi da gefen kwali. Ya kwanta rub da ciki ya leƙa ƙarƙashi. Takalma biyu na soso suna nan a tsakiya, ɗaya a jere yadda mai shi ya ajiye, ɗaya taya ta bi ta kansa ta lanƙwasa shi.

Ya sa aka ɗauki hoto, aka sa su a leda.

Bishiya ta uku daga nan wani magidanci ne da matarsa da 'ya'ya, suna naɗe kaya. Ya ce sunansa Saminu, tela ne a unguwar Al-Ranuna.

"Tun yaushe kuke nan?"

"Wajen uku da kwata muka iso, yallaɓai. Da fari ma can kusa da su muka so sauka, don inuwar ta fi."

"Me ya hana?"

"Ko darduma ban sauke ba, sai ga motar nan ta yo baya a guje ta tare tsakaninmu da matansu. Kai ka ce ɓarayi suka gani. Ni da iyalina fa nake! Raina ya ɓaci, na ce mu matsa gaba."

"Wa ke tuƙi?"

"Gilashin baƙi ne, ban gani ba."

"Farar mota fa, ta samari masu gudu?"

Saminu ya girgiza kai. "Hanyar nan a gabana take, 'ya'yana a bakinta suke wasa. Da wani ya yi gudu a nan, ai da ni zan fara yi masa ihu."

"Ba ka ga an ɗauko wani abu daga wajensu ba?"

"Na ga mutum biyu da naɗaɗɗiyar darduma. To a barr wa zai kalli mai ɗauke da darduma?" Sai kuma ya dafe baki, ya fara salati.

Sufeto ya ja Haisam gefe, ya nuna masa ledar takalman. Saurayin ya dube ta, fuskarsa ta yi fari.

"Khalas, shi ke nan," in ji shi. "Ni ne. Ni na ja motar. Ban gan shi ba."

"Ƙarfe nawa?"

"Uku da wani abu."

"Kafin nan kana ina?"

"A zaune, tare da Baba."

"Ba ni wayarka."

Haisam ya miƙa masa. Sufeto ya duba kiran da suka shigo.

"Uku da minti ashirin da biyu, Baba ya kira ka. Da ashirin da uku ya sake kira. Mutumin da kuke zaune kan darduma ɗaya, me zai sa ya neme ka a waya har sau biyu?"

Sufeto ya ci gaba da duba wayar.

"Ga kuma hoton da ka ɗauka uku da ashirin, 'yan ƙannenka a kan doki, can ƙarshen fili. Kana can, Haisam. Kiranka aka yi ka zo."

"Ni ne," ya sake cewa, yanzu da kuka. "Ka rubuta ni ne."

Sufeto bai rubuta ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne lissafin lokaci: daga uku da ashirin da biyu zuwa huɗu da minti goma babu wanda ya kira motar asibiti.

Washegari da safe rahoton likita ya iso ofis. Jini ne ya zuba ta ciki. Mamacin ya kai kamar minti ashirin da rai.

Aka shigo da Alhaji Tahir. Hajo na zaune a benci a waje tun bayan asuba, ba wanda ya kira ta.

Sufeto ya tura masa takardar bayaninsa na jiya da biro. "Baba, karanta ka sa hannu."

Dattijon ya ɗaga takardar har ta kusa taɓa hancinsa, ya karkata kai gefe, ya yi ta lalube da bakin biro. A ƙarshe ya sa hannu a kan rubutun, nesa da layin.

"Yaushe rabonka da tuƙi, Baba?"

"An jima."

"Shekara shida. Na duba. Ka je sabunta lasisi, gwajin ido ya kayar da kai. Motar nan tana da kyamarar baya, mai ido da ya ga mutum kwance."

Alhaji Tahir ya ajiye biron. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan kafaɗunsa suka sauka.

"Na kira shi," ya ce. "Sau biyu na ce Abdou, zo ka ja mota ka rufe mana nan, ga baƙi. Bai amsa ba. Makulli na jikin motar. Na ce taku nawa ne, abin da na yi shekara arba'in ina yi. Matana a buɗe, ga namiji yana sauke kaya. Na manta a nan yake kwanciya. Shekara goma sha ɗaya, ban taɓa lura da inda yake kwanciya ba."

"Da ka fito fa?"

"Yana numfashi. Na kira Haisam. Ya ce mu kira asibiti, na ce dakata. Tsoro ne ya kama ni, ɗana. Ba lasisi, ga shekaruna. Muna ta gardama a kansa har ya daina motsi. Shawarar kai shi bakin hanya tawa ce. Yaron nan umarnina ya bi."

"Ya yi magana?"

Dattijon ya rufe fuska da tafin hannu. "Hajo yake kira. Sau uku ko huɗu. Shi ya sa na ce a tsare mata a ciki."

"Wani ya tuna masa shahada a cikinku?"

"Ban tuna ba. Wallahi ban tuna ba. Leɓensa na motsi daga ƙarshe, amma ban sunkuya na ji ba."

Sufeto ya kira kofur. Aka kama hannun dattijon, don ko ƙofar ba ya gani sosai, aka fita da shi ta gaban bencin. Hajo ta miƙe tsaye ta rusuna masa yadda ta saba, sannan ta tsaya tana kallon bayansa har aka sha kwana da shi.

Sufeto ya so ƙwarai a ce wani ne zai gaya mata. Ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin ya faɗa mata duka, bai rage ba, bai ƙara ba. Bai cika nan take ba. Ba wanda ya tuna masa. Ko ya faɗa da kansa, Allah kaɗai ya sani.

"Ya yi magana?" ta tambaya.

"Sunanki ya kira."

Ba ta yi kuka ba. Ta dubi tafin hannunta, ta juya shi.

"Na ji," in ji ta. "Na ji kamar ana kirana, har na miƙe. Sai aka ce kada mace ta fito. Sai na koma na ci gaba da wanke kofunan shayi."