Ɗaki Na Goma Sha Biyu

Da magariba dutsen farko ya faɗo tsakar gida, dab da ƙafar tela. Ya ɗaga kai bai ga kowa ba. Kwana uku ke nan da ya fasa kwaɗon ƙaramin ɗakin da ke ƙarƙashin matakala, ya jibge yaduddukansa a ciki.

Gidan ya haura shekara ɗari. Wani magini ne ya ɗora shi da dutse, kaurin bangonsa kamu biyu, tagoginsa dogaye. Daga shi sai wani ɗan kasuwa, sai alƙali, sai magadan alƙali, waɗanda suka gaji da rigima suka bar wa dillali. Da tela ya sayi gidan, dillali ya miƙa masa makullai goma sha ɗaya, alhali ƙofofin goma sha biyu ne. Tela bai tambaya ba, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Bayan jifa sai tari a cikin bango. Daga nan 'yarsa tilo ta daina ci, ta daina gane uwarta. Wata biyu ana abu ɗaya, har kuka ya ƙare musu, sai gajiya.

Da aka kawo malami, ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta buɗe baki. Muryar tsoho ce ta fito, a shaƙe.

"Magini a nan ya tarar da ni, ya bar mini ɗakin. Kowa zai sayar sai ya gaya wa mai saye, baki da baki. Wannan karon ba wanda ya faɗa."

"To ka saki yarinya," in ji malami.

"A sa ni cikin takardun gida."

"Ba ofishin da zai rubuta ka."

Muryar tsohon ta sake fitowa.

"Na tsufa da jifa, malam. Ka ce wa tela ya kwashe kayansa, ya mayar da kwaɗo, ya gaya wa na bayansa."

Tela ya matso. "Na yarda. Ba ni da na baya sai ita."

"Na sani. Shi ya sa na fara da ita."

Yarinyar ta sulale jikin uwarta. Can ta farka, ta nemi ruwa, ta shanye kofi biyu. Sannan ta dubi tela, da muryarta ta kullum.

"Baba, in ka kulle, ni za ka ba makullin."