Awon Haske a Fuskar Saudatu

Hoton fasfo kawai ya kawo Saudatu shagon Sanda da ke Tunga, wata Talata da hantsi. Ta shigo da farin hijabi, ta zauna gaban farin labule, tun kafin ya ɗaga kyamara ta ce, "Malam, kada ka wahalar da kanka. Ni ba na fita a hoto, ka danna kawai."

Sanda ya danna, ya duba. Hijabi ya fito fes, fuska kuwa duhu, ido biyu kaɗai ke leƙowa.

"Ka gani ko? Haka nake fita tun ina firamare."

"Ba laifinki ba ne, Hajiya," in ji shi. "In aka bar kyamara da ra'ayinta, hasken wurin gaba ɗaya take aunawa. Ta ga farin hijabi, ta ga farin labule, sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage. Fuskarki ce ke shan wahalar."

Ya mayar da awon haske kan ɗigo guda, ya ɗora ɗigon a kumatunta, ya sa fokas, wato inda hoto zai fi fita tar, a idonta na dama, ya sake dannawa. Da ya juyo mata da kyamarar, Saudatu ta ƙura wa hoton ido. Baƙa ce kyakkyawa, mai ɗan tabo a gefen gira, amma a shekarunta ashirin da uku ba ta taɓa ganin haka a hoto ba.

"Wannan ni ce?"

"Ke ce. Da ma kina nan, ba a auna daidai ba ne."

Ta karɓi fasfo ta tafi, ta bar lambar waya wai ko za a buƙaci gyara. Babu abin gyara a hoton nan, su duka biyun sun sani.

Sanda ɗan Wushishi ne, shekararsa uku a wani ɗaki bayan shagon. Kowace Asabar yana wurin bikin wasu, yana cewa mutane su matso su yi murmushi, sannan ya dawo ya ci abinci shi kaɗai. Dubban hotuna ya ɗauka a garin nan, babu shi a ko guda.

Saudatu kuwa a Dutsen Kura take, ita da mahaifinta, Malam Abubakar Siddiƙ tela. Tun da mahaifiyarta Hidaya ta rasu, shekara goma sha ɗaya ke nan, gidan ya yi tsit. Ƙarar keken ɗinki ake ji, sai rediyo. Malam na son 'yarsa, amma daga "Kin dawo?" sai "Allah ya yi albarka."

Saƙon waya tsakanin Sanda da Saudatu ne ya riƙa cike musu shirun.

"Haskena, hoto ɗari huɗu na ɗauka yau, na dawo babu wanda zan nuna wa. Kin ci abinci?"

"Na ci, Mai Kyamara. Ni da Baba, babu wanda ya ce uffan. Turo min guda in taya ka kallo."

Bayan wata biyar Sanda ya turo kawunsa neman izini. Malam ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Mutumin da sana'arsa kallon fuskokin matan mutane? A'a, ku yi haƙuri."

Ana cikin wannan sai ga bikin Amatullah, 'yar Gwaggon Saudatu, wato ƙanwar Malam. Tun kafin maganar ta taso Gwaggo ta riga ta kama Sanda ya ɗauki hotunan.

Ranar buɗar kai, Sanda ya buɗe ƙofar gilashin kyamara sosai, don amarya ta fito tar, na bayanta su dushe. Idan aka yi haka abu guda ne kawai ke fita sarai, wato inda aka sa fokas. Saudatu na tsaye a bayan amarya. Yana ja da baya don ya samu kowa, sai ya zunduma ƙafa cikin robar zoɓo. Saudatu ta fashe da dariya tana kallonsa, shi ma ya kalle ta ta cikin kyamara. Babban yatsansa ya bi idonsa, ɗigon ya tashi daga fuskar amarya ya koma kan tata. Daidai lokacin uwar ango ta ɗaga mayafi, Sanda ya danna har sau tara.

Sai da ya buɗe hotunan a kwamfuta ya ga ɓarnar da ya yi. Amatullah fara ce, ga farin leshi, ga haske an auna a baƙar fuska: ta fito fayau, dishi-dishi, kamar an wanke ta da ruwa. Saudatu kuwa har gashin girarta ana ƙirgawa. Buɗar kai kuma ba a yin sa sau biyu.

Bai ɓoye ba. Ya wanke guda ya kai wa Gwaggo, ya durƙusa ya ba da haƙuri.

"Kai, auren wa ka zo ɗauka?" in ji Gwaggo. Ta fizge hoton ta tare keke napep sai Dutsen Kura.

Da yamma saƙon Saudatu ya shigo. "Ka kunyata ni, Sanda. Dangi na cewa ni na shiga gaban amarya. Don Allah kada ka sake kira na."

Ya rubuta mata, "Haskena, kuskurena ne, ba naki ba. Hannuna ne ya tona abin da ke raina. Ki yafe min." Ba ta amsa ba.

Sati uku haka. Sanda ya ci gaba da cewa mutane su yi murmushi, shi kuwa nasa ya ƙare. Kaɗaicin da ya saba da shi a da, yanzu ya fi ƙarfinsa. Saudatu ma ta karanta saƙon ya fi sau ashirin.

Ranar wata Laraba Malam ya aika a kira shi. Sanda ya tarar da hoton nan a kan keken ɗinki, kusa da wani tsoho: mace tsaye a gaban taga da farin mayafi, fuskarta duhu ɗungurum.

"Wannan Hidaya ce, mahaifiyarta," in ji Malam. "Shi ke nan hotonta da nake da shi. Shekara goma sha ɗaya ina kallon inuwa." Ya ɗauki sabon. "Da Gwaggonta ta jefo min wannan, wallahi na zaci ita ce. Haka take dariya, ta karkatar da kai. Yarinyar nan kullum tana gabana, ban taɓa ganin wannan dariyar a gidana ba. Wa take yi wa?"

Sanda ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Baba. Zoɓo na taka."

Malam ya yi wata 'yar dariya wadda shi ma ya daɗe bai yi ba, ya goge ido da bakin riga. A bayan labule Saudatu na tsaye, hawaye na zuba.

"Ka turo manyanka," in ji Malam.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Gwaggo ta huce bayan Sanda ya sake ɗaukar hoton Amatullah da angonta, ko da yake har yau "Mai Zoɓo" take kiransa. Ranar biki ya miƙa wa abokin sana'arsa Gaiya kyamara, ya ce, "Ka auna hasken a kumatunta. Ni ko yaya na fito, ba komai."

"Ban yarda ba, Mai Kyamara," in ji Saudatu. "Matso kusa, yau da kai za a fita."

Malam ya tsaya a tsakiyarsu ya dafa kafaɗunsu. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya cika gidanku da dariya."

Aka ce amin, Gaiya ya danna. Hoton na nan rataye a shagon Malam, kusa da na Hidaya, su ukun kowa fuskarsa ta fito.