Abin da Ɗurau Ta Kwashe

Na'urar Ɗurau ta yi ƙara sau uku, hular ƙarfenta ta sauko ta zauna daram a kan Sallau. Sanyinta ya ratsa shi har haƙora. Agogon bango ya nuna sha biyu da rabi, kwamitin ɗaukar ma'aikata kuwa ƙarfe biyu zai zauna.

A Sabon Birnin Kadawa an daina zaman aji tuntuni. Mai neman satifiket sai ya hau bene na sittin a Cibiyar Shaida, a ɗura masa ilimin a ƙwaƙwalwa, ya sauko da takardarsa a hannu. Matsalar ɗaya ce: kan mutum ba rumbu ba ne. Kafin sabo ya shiga, sai tsoho ya fita.

Shekara goma sha huɗu Sallau yana gyaran injinan ban ruwa na kamfanin Ƙorama, yana bin gonaki da akwatin sifana. Yanzu ga gurbi ɗaya ya buɗe na manajan haja, wato mai yanke irin injin da za a ƙera da wanda za a bari. Su shida ke nema. Biyar 'yan ofis ne masu fararen riguna, shi kuwa Sallau ya gaji da warin baƙin mai, gajiya ta gaske.

"Uku ne a gabanka, Malam Sallau," in ji Uwani, mai kula da na'urar. "Akwai ƙaramin satifiket na binciken kasuwa, ba ya cin wuri. Akwai na tsara aiki mako-mako. Sai kuma Babbar Shaida."

"Su sauran wanne suka ɗauka?"

"Babbar. Amma in shawarata za ka bi, ƙaramin ya ishe ka. Kowa ya san kai manoma ke faɗa wa gaskiya."

"Malama, kwamiti ba manoma ba ne. Takarda suke dubawa."

Uwani ta latsa maɓallin Babbar Shaida. Allo ya jero abin da za a iya kwashewa. Gyaran inji, wannan abincinsa ne, bai taɓa ba. Haddar karatunsa, ya yi a'uziyya ya wuce. Muryar marigayi mahaifinsa, ya kau da ido. Can ƙasa sai ga layi mai tsawo: gaisuwa da zaman hira, awa dubu tara.

Duk wanda ya san manoman Kadawa ya san ba sa fara magana da mugun labari. Ko gonar mutum na ci da wuta, ka tambaye shi, lafiya lau zai ce. Sai ka zauna, ka tambayi gida da iyali da gajiya, an kawo ruwa ka sha, ka tashi za ka sa takalmi, sannan zai ce, "Af, wannan injin naku kuwa..." A bakin takalmin nan Sallau ya gano kusan duk cutar da injinan Ƙorama suka taɓa yi. Ya san haka sarai. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala, ga kuma agogo na tafiya.

"Kwashe wannan. Gaisuwa ai ba ilimi ba ce. In na rasa na sake koyo."

"Abin da Ɗurau ta kwashe ba ya dawowa, Malam. Gurbin ma toshewa yake yi."

Ɗaya saura minti biyar. Ya dangwala yatsa.

Ya kuwa sami aikin. Ya zuba wa kwamiti jadawali da alƙaluma har shugabansu ya cire tabarau ya sake dubansa.

Bayan mako guda aka kawo masa abu na farko da zai yanke hukunci a kai. Sabon inji ne, Ƙorama Tara, mai janyo ruwa daga can ƙarƙashin ƙasa. An gwada shi a gonar Baba Barau, aminin mahaifinsa. Masana'anta na jiran umarni kafin la'asar, kuma injinan mutum-mutumi da ke aiki cikinta ba su san a dakata ba. In an latsa, inji dubu goma za su fito, motoci su raba su gonaki kafin noman rani.

Sai ga Baba Barau da kansa, ya hawo jirgin ƙasa tun safe, da ɗan ƙunshi a hannu. Ya yi sallama ya zauna a gefen kujera.

"Baba, injin gwaji yana aiki?" in ji Sallau, idonsa a kan allo.

Tsohon ya ɗan dube shi. "Lafiya lau, ɗana. Alhamdulillahi."

"Daga ɗaya zuwa biyar, nawa za ka ba shi?"

"To... abin da kuka ga ya dace."

"In sa biyar?"

"Allah Ya yi albarka."

Baba Barau ya gyara zama, yana jira. Matarsa ta yi jinya wata biyu, yana jiran a tambaye shi ya mai jiki. Yana jiran ko ruwa ne a miƙo. Sallau ya ji wani abu na yi masa susa a ƙirji, kamar wanda ya fito gida ya manta ko ya kulle ƙofa. Ya laluba kansa, bai sami komai ba sai jadawali.

"Shi ke nan, Baba. An gama."

Tsohon ya miƙe a hankali. A bakin ƙofa ya tsaya, ya daɗe yana gyara takalminsa. Babu wanda ya rako shi. Ya fita.

Sallau ya rubuta "babu ƙorafi", ya latsa. Ta taga ya hango fitilun masana'anta sun koma kore ɗaya bayan ɗaya.

Da ya juyo ne ya ga ƙunshin a kan kujera. Ya kwance. Dashen tumatir ne guda uku, ganyen ya ƙone, saiwar ta yi fari fat. Ya ɗanɗana. Gishiri. Makanikin da ke cikinsa bai mutu ba, nan take ya gane: injin ya zarce ruwan daɗi, ya kai ga na gishiri. Kowace gona ya shiga, sai ta yi shekaru ba ta fid da ko ciyawa ba. Tsoro ya kama shi.

Ya buga wa masana'anta. Murya mai sanyi ta ce umarni ya riga ya wuce, motar farko ta tashi.

Ya fita a guje, ya cim ma tsohon a bakin lif ɗin sauka daga bene. Baba Barau ya juyo, fuskarsa babu fushi, ya ma ɗan miƙo hannu, ko yaron zai fara daga inda ake farawa.

Sallau ya riƙe hannun da hannu biyu, hawaye na zubo masa. Ya buɗe baki. Babbar Shaida na nan ta cika masa kai, babi arba'in, amma ya rasa abin da ake fara ce wa dattijo.