Sabuwar Da Ba Ta Ƙifta Ido

Shekara shida ina tantance fuskokin abokan ciniki a kamfaninmu, amma sabuwar ma'aikaciyar da ta zo wata biyu da suka wuce aka yi wa ƙarin girma. Abin ya tsaya mini a rai.

Da kowa ya tashi daga aiki, na buɗe bidiyon tantancewar da aka yi mata ranar ɗaukarta aiki, ko na samo mata laifi. A ƙa'ida, sai mutum ya ƙifta ido na'ura ke yarda mai rai ne. Har ƙarshe ba ta ƙifta ba, amma an amince da ita. Na tsayar da bidiyon ina murna.

Ƙanshin turarenta ya cika ofishin.

"Yaya, wannan kike nema?" in ji muryarta a bayana.

Sai fuskar da na tsayar ta ƙifta mini ido.